Kujerar kansila guda: lissafin ƙaramar jam'iyya a zaɓen ƙananan hukumomi

Ranar 6 ga Fabrairun 2020 hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta soke rajistar jam'iyyu 74 a zama ɗaya, ta bar 18. Ta dogara ne da sashe na 225A na kundin tsarin mulkin Najeriya, wanda ya jera abubuwan da jam'iyya za ta kawo in tana son ci gaba da numfashi. Akwai masu nauyi a ciki, kamar samun kashi 25 cikin ɗari na ƙuri'un jiha guda a zaɓen shugaban ƙasa, ko na ƙaramar hukuma guda a zaɓen gwamna. A can ƙasan jerin kuma akwai mafi sauƙi: cin mazaɓa ɗaya a zaɓen ciyaman, ko kujerar kansila guda tak. Kujerar da manya ke raba wa yaransu kamar goron biki, ita ce igiyar da ke riƙe da ran wata jam'iyyar.

Darajar waɗannan kujeru ta ƙaru tun daga 11 ga Yulin 2024, ranar da Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma gwamna ba shi da hurumin rusa zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Jihohin da suka shekara da shekaru suna tafiya da kwamitocin riƙo sai ga su suna rige-rigen sa ranar zaɓe. A nan ne ƙananan jam'iyyu suka ga ƙofa ta buɗe. Sai dai ƙofar ba ta kai faɗin da ake gani daga nesa ba, kuma dalili na farko shi ne wanda ke riƙe da makullinta.

INEC ba ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi sai a Babban Birnin Tarayya, inda ake da hukumomi shida: Birnin Abuja da kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, da mazaɓun kansila 62. A jihohi 36 kuwa aikin na hukumomin zaɓe na jihohi ne, irin su KANSIEC a Kano, waɗanda gwamna ke naɗa shugabanninsu, majalisar dokokin jiha ta amince, baitulmalin jiha ya ba su kuɗin aiki. Sakamakon wannan tsari ba ɓoyayye ba ne. A watan Oktoban 2024 APC ta cinye ƙananan hukumomi 23 na Kaduna, bayan mako guda NNPP ta kwashe 44 na Kano da kujerun kansila 484, ba ta bar ko ɗaya ba. Jam'iyyu biyu masu hamayya da juna, amma salo iri ɗaya. A Abuja kuwa, zaɓen Fabrairun 2022 ya ƙare ne APC uku, PDP uku. Duk mai shirin tsayawa a ƙaramar jam'iyya ya fara da tambayar kansa: a wane irin fili zan buga?

Ba duk ƙaramar jam'iyya ce ƙarama ba

In an ga sunan wata jam'iyyar da ba a saba ji ba a jerin 'yan takara, abu uku ne, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke sa mutane yin gurguwar fahimta.

Akwai jam'iyyar haya. Babban mutum ne rikici ya raba shi da ragamar jam'iyyarsa, sai ya nemi wata mai rajista amma babu jama'a, ya zuba mutanensa. Abin da ya faru a Ribas ke nan ranar 5 ga Oktoban 2024. Gwamna Siminalayi Fubara ɗan PDP ne a lokacin, amma shugabancin jam'iyyar a jihar yana hannun ɓangaren Nyesom Wike, sai magoya bayan gwamnan suka tsaya a APP, ta ci 22 cikin 23. Ita APP ɗin nan da umarnin kotu ta tsira daga sokewar 2020. Wata guda bayan haka a Abiya, inda Labour ta gwamna Alex Otti ke fama da rikicin shugabanci, ZLP ta ci 15 cikin 17, YPP ta ɗauki biyu. Wanda ya kalli waɗannan alƙaluma ya ce ƙananan jam'iyyu sun farfaɗo, ya ga riga ne bai ga wanda ke cikinta ba. Ko NNPP ɗin da ta share Kano, kafin Rabi'u Musa Kwankwaso ya shige ta a 2022 mutane ƙalilan ne suka san da zamanta a Arewa.

Akwai kuma 'yan rakiya. In babbar jam'iyyar adawa ta ƙaurace, hukumar zaɓen jiha na buƙatar sunaye a takardar ƙuri'a don kada a ce jam'iyya ɗaya ta yi tsere da kanta. Sai a samu waɗanda za su cika layi, washegari su kira 'yan jarida su yaba da yadda aka yi zaɓe lami lafiya. Ɗan takarar da ya shiga irin wannan jam'iyya da zuciya ɗaya shi ne abin tausayi, domin yana can yana bin gida-gida alhali shugabanninsa na jiha sun riga sun gama magana.

Na uku shi ne wanda wannan bayani ya shafa: mutumin da ke da jama'a a unguwarsa, galibi wanda aka yi wa ɗauki-ɗora a babbar jam'iyya, ya fita ya nemi inuwar da zai tsaya. Dole ya nemi inuwa, domin tsarin mulki bai ba da damar takarar kai-da-kai ba. Sashe na 221 ya keɓe neman ƙuri'a ga jam'iyyu. Irin wannan kan yi nasara jefi-jefi. A 2016 APGA, jam'iyyar da ake wa kallon ta Anambara, ta ci shugabancin Gwagwalada. Ba zakaran da ke jikin tambarin aka zaɓa ba, mutumin aka zaɓa.

Takardu ke fara kayar da mutum

Yawancin 'yan takarar ƙananan jam'iyyu ba a akwati suke faɗuwa ba, tun a ofis ake gamawa da su. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda ta yi aiki har zuwa 2026, ta ce jam'iyya ta miƙa rajistar 'ya'yanta kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani, ta kuma sanar da hukuma kwana 21 kafin ranar, don a turo masu sa ido. Wanda ya sha kaye a babbar jam'iyya ranar Asabar ya karɓi katin wata ranar Litinin, sunansa ba ya cikin waccan rajista, kuma lauyan abokin hamayya ya san da haka. Ko da mutum ɗaya ne ke neman kujerar, sai an yi taron tabbatar da shi, an rubuta rahoto, an sa hannu. In maslaha aka yi, sai kowane mai nema da ya janye ya rubuta amincewarsa. Ƙananan jam'iyyu kan raina wannan, shugaba da sakatare su zauna a shagon wani su cike sunaye, ranar da aka nemi rahoton taro a kotu a rasa.

Sannan a duba wane ɓangare ne hukuma ta sani. Jam'iyyar da ba ta da kansila ko ɗaya za ka same ta da shugabanni biyu a jiha, kowa da hatiminsa. Fom ɗin da aka saya a hannun ɓangaren da uwar jam'iyya ba ta aika sunansa ga hukuma ba, takardar tsire ce.

Sharuɗɗan tsayawa a Abuja, bisa waccan doka, su ne zama ɗan ƙasa mai katin zaɓe, shekara 25 ga kansila, 30 ga ciyaman da mataimakinsa, da ilimin da ya kai matakin sakandare. Jihohi na da nasu dokokin, kuma sukan ƙara abubuwa: shaidar biyan haraji, masu tsaya wa mutum daga cikin masu rajista a mazaɓar, a Kano a 2024 har da gwajin ƙwaya. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne saɓanin suna. Takardar firamare ta ce Muhammadu Sani, ta sakandare ta ce Sani Mohammed, katin zaɓe ya ce Sani M. Bala. A je kotu a yi rantsuwar daidaita suna tun kafin a cike fom, ba bayan an liƙa sunaye ba. Ma'aikacin gwamnati kuma ya ajiye aiki cikin wa'adin da doka ta sa, ya riƙe kwafin takardar da aka buga wa hatimin karɓa da kwanan wata.

Sai kuɗi. INEC ba ta karɓar kuɗin takara daga hannun ɗan takara, amma hukumomin jihohi da dama suna karɓa, kuma nan ne ake tace mutane ba tare da an ce an hana kowa ba. A 2024 KANSIEC ta sanar da naira miliyan 10 ga mai neman ciyaman da miliyan 5 ga kansila, maganar da ta kai har gaban kotu. Don a gane nauyin abin: miliyan 5 ita ce iyakar abin da dokar 2022 ta yarda ɗan takarar kansila a Abuja ya kashe a yaƙin neman zaɓensa gaba ɗaya, daga fosta har kuɗin mota. Jam'iyyar da za ta cika kujeru 484 a kan wancan farashi sai ta ajiye naira biliyan 2 da miliyan 420 kafin ta buga fosta ɗaya. Babu ƙaramar jam'iyyar da ke da wannan.

Mazaɓa ɗaya, ba jiha ba

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ya fi kowanne yawa, wato baza 'yan takara ko'ina don a ce jam'iyya ta tsayar a kowace ƙaramar hukuma. Abin burgewa ne a taron manema labarai, amma a lissafi asara ce.

Jihar Kano na da rumfunan zaɓe 11,222. In aka raba, kowace mazaɓa na da kimanin 23, kowace ƙaramar hukuma kimanin 255. A ɗauka za a sa ejan biyu a kowace rumfa, a ba kowanne naira 5,000 na abinci da kati da abin hawa. Mai neman kansila zai kashe naira 230,000. Mai neman ciyaman zai kashe sama da miliyan biyu da rabi, kuma sai ya samo mutum 510 da ya yarda da su. Kuɗin ma ya fi sauƙin samu a kan mutanen.

Bayan haka ciyaman ba ya ci da yawan ƙuri'a kaɗai. A tsarin Abuja sai ya haɗa da rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na mazaɓu. A Birnin Abuja da kewaye mai mazaɓu 12, sai ya samu rubu'i a takwas. Mutumin da farin jininsa bai wuce garinsu da ƙauyuka biyu na maƙwabta ba, ba zai haye wannan katanga ba komai cikar akwatunan gida. Kansila kuwa rinjaye kawai yake buƙata, ko da na ƙuri'a ɗaya ne.

A ƙaddara mazaɓa mai masu rajista 12,000. Zaɓen ƙananan hukumomi ba ya tara jama'a. A ce mutum 15 cikin ɗari suka fito, 1,800 ke nan. In mutum uku ne masu ƙarfi, ƙuri'a 800 na iya wadatarwa. A raba 800 a rumfuna 23, kowace rumfa mutum 35. Mutum 35 ba taron gangami ba ne, sunaye ne da za a rubuta a littafi: wane da matansa biyu, 'yan majalisar bakin masallaci, ƙungiyar masu ɗinki, matan da ke adashi a gidan wance. A nemi kwafin rajistar masu zaɓe, wadda INEC ke bai wa hukumomin jihohi, a bi ta rumfa-rumfa a tabbatar kowane sunan da ke littafi yana da kati kuma a wannan mazaɓar yake. Sau da yawa rabin matasan da ke rakiyar ɗan takara da babura ba su da kati, ko kuma rajistarsu tana wata unguwa.

Akwai kuma aikin koyar da dangwale, wanda manyan jam'iyyu ba sa wahala da shi. Kowa ya san tsintsiya da lema. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da hoton ɗan takara ko sunansa, tambari ne da harufa, an jera su bisa tsarin abacada. Jam'iyyun da suka fara da harafin A sun yi cunkoso a sama: A, AA, AAC, ADC, ADP, APC, APGA, APM, APP. Tsohuwar da aka ce wa ta dangwala wa APP, ga APC a kusa, ga ido ya yi rauni, ga layi na jiranta. Shi ya sa fostar ƙaramar jam'iyya ya kamata tambari ya fi fuskar ɗan takara girma, abin da 'yan takara ba sa son ji. A buga samfurin takardar a bi gidaje da ita, a nuna layi na nawa ne daga sama, a koya wa mutane naɗe ta a tsaye don kada tawada ta shafi wani gurbin ta zama lalatacciya. Mai mabuɗin PRP ko dokin SDP ya ɗan huta, tambarinsa na da suna a bakin mutane. In kuma jam'iyyar ba ta da ɗan takarar ciyaman, sai a fito fili a ce wa jama'a wake da shinkafa za su yi: takardar ciyaman su bi ransu, ta kansila ga inda za su sa yatsa. Masu kiran sak ba za su so ba, amma da yawan masu zaɓe sun fi sakin jiki in ba a ce su bar jam'iyyarsu gaba ɗaya ba.

Kafin a kai nan ma, sai an tabbatar tambarin na kan takardar. Dokar 2022 ta sa hukuma ta gayyaci jam'iyyu su duba samfurin kayan zaɓe aƙalla kwana 20 kafin ranar, jam'iyya ta amsa a rubuce cikin kwana biyu. Wadda ba ta je ba ta zubar da damarta ta yin ƙorafi daga baya.

Daga rumfa zuwa wurin tattarawa

Sunayen ejan, da hotuna biyu na kowanne da samfurin sa hannunsa, ana miƙa su kwana 14 kafin zaɓe a tsarin INEC. Wanda ba shi da katin wuya na hukuma ɗan kallo ne, ɗan sanda na iya kora shi. Ejan ya zama mai zaɓe a wannan rumfar, wanda ya iya karatu da rubutu, kuma wanda ba a jin kunyarsa ba ya jin kunyar kowa. A biya shi rabi da safe, rabi in ya kawo takardar sakamako. A kai masa abinci inda yake, domin ejan da ya tafi cin abinci ƙarfe biyu ya dawo ya tarar an gama.

Ga yadda abin yake in an zo ƙirga. Jami'in rumfa ya zazzage akwati a kan tebur ko tabarma, ya ware ƙuri'u jam'iyya-jam'iyya, ya ɗaga kowace yana ƙirgawa da ƙarfi jama'a na amsawa. Ejan ba ya cikin masu amsawa, idonsa na kan abu uku: adadin waɗanda aka tantance, tarin da ake cewa sun lalace, da alƙalamin jami'in. In ƙuri'un da aka kaɗa sun haura waɗanda aka tantance, aringizo ne, doka ta ce a soke rumfar. Ƙuri'ar da yatsa ya ɗan zarce layi amma kowa ya ga inda aka nufa, a nan ake cinye ƙaramar jam'iyya, biyu a nan uku a can, ejan ya yi magana a lokacin. In an zo cike takardar sakamako, wadda a tsarin INEC ake kira EC8A, ya duba an rubuta adadin da lamba da kuma kalmomi, an ja layi a guraben da babu komai. Gurbin da aka bari fili, 17 kan wayi gari ta zama 117 ko 170. Ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hoton takardar da waya ko da hasken tocila ne, ya tura nan take. Ƙin sa hannu don fushi ba ya soke sakamako, sai dai ya bar jam'iyya hannu rabbana.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne tsakanin rumfa da cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa, galibi wata firamare, da daddare. A nan ake kwafe alƙaluman rumfuna zuwa takardar mazaɓa, kuma a nan baturen zaɓe ke bayyana kansila. Wakilin da za a tura can shi ne mafi ƙwari a tawagar, ya zo da kwafin rumfuna duka a jere da jimillarsa a hannu. Amfanin tsayawa a mazaɓa ɗaya ya sake fitowa a nan: takardu 23 mutum ɗaya zai iya tattara su cikin awa biyu a kan babur.

Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce a jihohi da dama ba a kai wa wannan matakin. Kayan zaɓe su iso da la'asar, ko su iso babu takardar sakamako, ko baturen zaɓe ya ɓace a ji sanarwa a rediyo daga hedikwata. Na'urar tantance masu zaɓe, wato BVAS, ta INEC ce, yawancin hukumomin jihohi ba sa aiki da ita, don haka babu wani adadin tantancewa da ke ajiye a na'ura da za a je a tono. Abin da ya rage wa ɗan takara shi ne shaida: lokacin da kaya suka iso a rubuce, hoton rumfa da jama'a na jira, takardar koke da aka miƙa wa jami'in zaɓe na ƙaramar hukuma aka buga mata hatimi a ranar.

Kotu na da agogonta. Rigimar da ta taso kafin zaɓe, irin ta fid da gwani ko cire suna, tsarin mulki ya ba ta kwana 14 daga ranar da abin ya faru. Ƙarar zaɓe a Abuja kwana 21 ne daga bayyana sakamako, kotun ta yanke cikin kwana 90, kuma magana na ƙarewa ne a kotun ɗaukaka ƙara ta zaɓen, ba ta zuwa Kotun Ƙoli. Jihohi na da nasu wa'adin a dokokinsu, a karanta tun kafin ranar zaɓe. Mai cewa an yi maguɗi a rumfuna goma sai ya kawo shaida daga rumfunan goma, kuma ejan da ya tsaya a wurin shi ne shaida, ba ɗan takarar da aka ba labari ba.

Makamin da ya fi yi wa hukumomin jihohi illa shi ne na ƙa'idar shirya zaɓen kanta. A 2010 Kotun Ƙoli ta rusa zaɓen ƙananan hukumomin Osun na 2007 saboda ba a ba da sanarwa da isasshen lokaci ba. Sashe na 150 na dokar 2022 ya zo ya ce matakan da ake bi a Abuja su ne za a bi a jihohi, zaɓen da ya saɓa musu kuma ba shi da inganci. Da wannan sashe Kotun Ƙoli ta soke zaɓen Ribas ranar 28 ga Fabrairun 2025, kujeru 22 na APP suka tafi a rana ɗaya. Ƙaramar jam'iyyar da ta ga an taƙaita wa'adi tana da zaɓi biyu tun kafin ta biya kuɗin fom: ta garzaya kotu, ko ta shiga da sanin cewa kujerar da za ta ci wani na iya zuwa ya rushe ta da ƙarar da ba ita ta shigar ba.